Ba Ƙanƙarar Hajjo Ce Ta Lalata Mini Gwiwa Ba

Da neman gafarar Allah nake buɗe wannan takarda. Sunana Ɗanladi, mutumin Kazaure, tsohon ɗan kasuwar hatsi, shekaruna sun doshi saba'in. Bokona bai wuce firamare ba, wanda ya ga gyara a rubutun ya yi mini uzuri. Abu biyu na aikata a jinyar gwiwata waɗanda da jiya tana dawowa da ban yi su ba. Na sa an yi mini ƙaho a ƙafar da likita ya sa wa ƙarfe. Da ciwon ya ɓaci kuma, na ja bakina na yi shiru aka ɗora wa matata Hajjo laifi. Na farkon ƙafata ya ci. Na biyun shi ya sa na ɗauki biro, domin har yau akwai gidajen da ake cewa ita ta nakasa ni.

Gwiwar dama ce. Shekara talatin da ɗoriya ina bin kasuwanni, Babura, Roni, Yankwashi, kuma ina da wani hali da nake ɗauka wayo ne: buhun da zan iya kinkima ba na bai wa ɗan dako. To, abin da na hana 'yan dako, gwiwa ce ta biya. Ta fara da ɗan suka ta ciki idan zan tashi daga sujada, daga baya ta koma ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Duk wanda ya gani sai ya ce sanyi ne, ni ma na yarda sanyi ne. Babu irin man zafin da ban shafa ba. Duk shekara kuma kafin faɗuwar damina, Audu Wanzam, abokina tun muna yara, yakan zo ya kafa mini ƙaho. Ba zan yi ƙarya ba, ina samun sauƙi na 'yan makonni. Shekara shida muna haka, har ƙafar ta fara lanƙwashewa kamar baka, masallacin ƙofar gidana ya zama mini tafiya mai nisa.

Kabiru, babban ɗanmu da ke koyarwa a Kano, shi ya matsa sai an je babban asibiti. Wanda bai bi layin asibiti ba bai san haƙuri ba. Mu bar Kazaure da sallame sallar asuba, mu karɓi lamba, mu zauna a benci har azahar. Sau ɗaya aka sa mana ranar aiki, muka je da kayanmu, aka ce jinina ya hau, mu koma sai bayan wata. Na yi mita a mota har Hajjo ta ce in bar direba ya ji da hanya. Amma likitan da ya duba ni, Allah ya saka masa da alheri, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna mini.

"Baba, ka ga nan? Guringuntsin ɓangaren ciki ya cinye, ƙashi ke gugar ƙashi. Ɓangaren waje lafiyarsa ƙalau. Ba duka za mu canja ba, rabi ne."

Na ce, "Wato kamar a canja wa amalanke taya ɗaya."

Ya yi dariya ya ce haka ne, kuma irin wannan ya fi saurin warkewa idan mutum ya bi doka. Shanun huɗata biyu suka tafi a kan aikin, Kabiru ya cika sauran.

Ranar aiki allura aka yi mini a gadon baya, daga ƙugu zuwa ƙasa na daina jin komai, amma kunnena yana jin bugu kamar a maƙera. Washegari wata ma'aikaciyar jinya ta ce in tashi in tsaya. Na ce mata ko ta manta jiya aka yanka ni? Ta ce, "Baba, ban manta ba, tashi." Na tashi da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, na yi taku shida, gumi yana zuba. Da za a sallame mu, likita ya dube ni, ya dubi Hajjo, sai ya juya wajenta, kamar ya gane wanda ke jin magana a cikinmu. Ya ce a naɗe ƙanƙara a tawul a ɗora a gwiwar safe da yamma saboda kumburi. Ya ce a riƙa lanƙwasawa ana miƙewa ko da zafi. Ya ce idan zazzaɓi ya zo ko wurin ya yi ja, kada a kwana. Sannan ya faɗi maganar da har yau take kunnena:

"Ƙarfe ba shi da jini, Baba. Idan cuta ta sauka a kansa, ba shi da abin da zai kare kansa da shi. Ko allura kada a yi a ƙafar nan ban sani ba."

Na ce to. To ɗin baki.

Mako biyun farko a gida, Hajjo soja ta zama. Bazara ce, wuta ba ta zama, ƙanƙara ta yi wuya. Sai ta shirya da maƙwabciyarmu mai sayar da zoɓo, wadda ke da firji mai amfani da hasken rana, kullum a daskarar mata da ƙulli biyu. Ta ɗora mini, ta zauna ta tsare ni. Idan lokacin lanƙwasawa ya yi, ta kama diddigena tana ƙirgawa.

"Goma likita ya ce, Malam. Bakwai ka yi."

"Ke kika ji a jikinki?"

"Buhun da ka kinkima ma ban ji a jikina ba. Saura uku."

Masu dubiya kuwa kowa da maganinsa. Wannan ya ce man kaɗanya, wancan ya ce kitsen mesa, wani ya kawo saiwa a leda. Amma abin da ya haɗa kansu duka shi ne ƙanƙarar. Duk wanda ya shigo ya tarar da tawul yana ɗiga a gwiwata sai ya riƙe baki. Mutumin da sanyi ya kama, a ƙara masa da ƙanƙara? Hajjo takan ce likita ne ya ce, ta ci gaba da abinta. Ni kuwa maganarsu tana shiga ta, domin abin da na taso a kai ke nan.

A mako na uku aka cire ɗinki. Ciwon ya kame, na koma sanda ɗaya, ina fita zaure da kaina. A nan ya kamata in gode wa Allah in zauna. Amma gwiwar tana nan a kumbure, da nauyi kamar an cika salka. Mai koya mini motsa ƙafa a asibitin garinmu ya ce kumburin yakan ɗauki watanni, haka yake ga kowa. Ban yarda ba. A raina na ce mataccen jini ne ya taru, kuma na san mai fitar da shi.

Wata ranar Juma'a a mako na huɗu Hajjo ta tafi suna Roni, jikar ƙanwarta aka haifa. Ta so ta fasa, ni na ce ta je. Da hantsi Audu ya zo yi mini aski kamar yadda ya saba. Da ya gama na ce, "Fito da ƙahonin nan."

Ya tsaya da aska a hannu. "A ina?"

Na nuna gwiwa.

"Ɗanladi, kanka na aske ko hankalinka na haɗa da shi? Ƙafar da aka sa wa ƙarfe?"

"Ƙarfen yana can ciki. Kai fata za ka taɓa."

"Me likitan ya ce?"

"Likitan ya san ƙashi, kai ka san jini. Shekara nawa kana yi mini? Ko tsufa ya sa hannunka ya fara rawa?"

"Hannuna bai yi rawa a kaciyar 'ya'yanka ba," in ji shi. "Amma wannan raina bai kwanta ba. Bari Hajjo ta dawo."

Na ce a gidana ba a jiran mace kafin a yi wa namiji magani. Na yi masa gori, na ce tsoron 'yan boko yake ji. Ina rubuta wannan ne don kada kowa ya zagi Audu. Sau uku ya ƙi, ni na tilasta shi. Ya buɗe zabira, ya kafa ƙaho huɗu, biyu ta ciki kusa da ɗinkin, biyu a ƙasa. Ya tsaga, ya mayar, ya tsotsa. Jini ya fito baƙi, guda-guda, na nuna masa ina murna: "Ka gani? Wannan ne ƙanƙara za ta fitar?" Muka rufe jinin da ƙasa a bayan zaure, na ce maganar ta tsaya tsakaninmu.

Da Hajjo ta dawo da yamma ta kawo tawul ɗinta, na ce daga yau ni zan riƙa sa wa kaina, na gaji da zama kamar jariri. Ta dube ni, ta miƙo mini. Na shiga ɗaki na ajiye ƙanƙarar a kwano ta narke. Gwiwar kuma na ɗaure ta da tsumma a ƙarƙashin wando.

Kwana biyu ina jin daɗi. A na uku wurin ya ɗauki zafi, a na huɗu sanyi ya rufe ni da tsakar rana. Na ce sauro ne, na sa aka sayo mini maganin zazzaɓi a kemis. Hajjo ta ce, "Malam, likita ya ce kada a kwana. Bari in ga ƙafar." Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba tun aurenmu. A ɓoye na kwance tsumman, na ga tsaga biyu sun yi ja suna fitar da ruwa. Na mayar na ɗaure. Kunya ce kawai ta hana ni magana, kunyar a ce dattijo kamata ya yi wannan wauta. Kwana biyar na ƙara a haka.

Ana cikin haka Yaya Dije ta zo daga Babura. Ita ce babbar yayata, ita ta goya ni, maganarta a danginmu ba a mayar da ita. Ta tarar da ni kwance ina rawar ɗari, ƙafar ta cika wando, mata masu dubiya sun kai biyar a tsakar gida. Ta taɓa ta kan wando ta janye hannu.

"Hajjo! Zo nan. Har yanzu kina sa masa abin nan?"

"Yaya, likita ne ya ce."

"Likita ne ya aure shi? Tun da aka halicci duniya wa ya taɓa korar sanyi da sanyi? Kin daskarar wa ƙanena da jini a ƙafa, ga shi ya ruɓe. Shekara arba'in kina gidan nan, abin da za ki saka masa da shi ke nan?"

Ina jin su ta taga. Kalma ɗaya ce za ta raba wannan magana, kuma tana bakina. Na juya fuskata bango.

Aka kira Kabiru a waya, ya taho da mota a ranar. Shi ya san likita ya ce a sa ƙanƙara, don haka bai bi bayan gwaggonsa ba. Amma ya tambayi uwarsa a hankali, "Inna, kin tabbata ruwanta bai riƙa shiga ciwon ba? Kin san ba kowane ruwa ake daskararwa mai tsabta ba." Tambayar nan ta fi faɗan Yaya Dije yi mata illa, domin ita ce ta sa ta yarda. Tun daga Kazaure har Kano bakinta motsi kawai yake yi da addu'a.

A ɗakin likita ni kaɗai aka shigar. Ya kwance tsumman ya daɗe yana kallo.

"Baba, wannan fa?"

"Ƙaiƙayi ne na sosa."

"Ƙaiƙayi mai layi-layi, wuri huɗu? Baba, kakana wanzami ne."

Na kama hannunsa na ce ya rufa mini asiri don Allah. Ya ce sirrin mara lafiya nasa ne, ba zai faɗa ba. "Amma baiwar Allahn da ke waje ta tare ni a ƙofa tana tambaya ko ita ce. Zan ce mata ba ƙanƙara ba ce. Sauran kai ya rage wa." Ya faɗa mata kuwa. Ta ɗauka lallashi ne irin na likitoci.

Ya ce cuta ta kai ga ƙarfen, sai an sake buɗewa an wanke, kuma ba ya alkawarin ƙarfen zai tsira. Da safe aka ɗora ni a gadon turawa. Kabiru yana gefe, Yaya Dije ma ta biyo mu. Mun kusa ƙofar ɗakin aiki sai Hajjo ta riƙe ƙarfen gadon, ta sunkuyo, idonta ya kumbura.

"Malam, ba a san abin da Allah zai yi ba. Idan sakacina ne ya jawo maka wannan, don girman Allah ka yafe mini."

Jama'a, ga ƙofa Allah ya buɗe mini har ƙasa. Mutumin da za a shiga da shi ɗakin aiki, bai san ko zai fito ba. Na dubi ɗana, na dubi yayata, na buɗe baki na ce, "Na yafe miki."

Yaya Dije ta ce, "Ai shi tun yana yaro mai haƙuri ne."

A duk zunuban da na sani na yi a kasuwa, na mudu da na rantsuwa, babu wanda yake tashina zaune kamar wannan.

Aikin ya yi, ƙarfen ya tsira da ƙyar. Mako uku na yi a gadon asibiti ana ɗura mini magani ta jijiya, hannuwana duk suka yi tabo. Gonata ta fadama ta tafi a wannan karon. Hajjo tana tabarma a gefen gado, ita ce kai fo, ita ce bin layin magani, ita ce wankin tsumma. Ma'aikatan jinya suna ce mini, "Baba, ka yi dacen mata." Ni kuma in ce alhamdu lillahi. Bayan an sallame mu na yi wata biyu ina shan ƙwayoyi. Wannan karon gwiwar ta ƙi lanƙwasuwa kamar da, domin kwanciyar ta sa ta sandare.

Ko faɗar gaskiyar ma ba zan ci kyautarta ba, ba ni na fara ba. Tun da muka dawo Audu bai tako gidana ba, wani wanzamin ke yi mini aski. Sai wata ranar Laraba ya yi sallama, ya ƙi zama.

"Matata ta dawo daga biki a Roni," in ji shi. "Ka san sunan da ake kiran matarka da shi a can? Hajjo mai ƙanƙara. Ana yi wa amare wa'azi da ita. Ni na riƙe aska, kai ka ba da umarni, wata baiwar Allah ke shan zagi. Ɗanladi, ko ka faɗa, ko Juma'ar nan in tsaya a ƙofar masallaci in faɗa."

Bayan la'asar Hajjo ta kawo ruwan ɗumi tana wanke mini ƙafa a tsakar gida. Na ce ina da magana. Na faɗa mata duka, tun daga tafiyarta suna har ƙanƙarar da na bari ta narke a kwano. Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da wankin.

"Na sani," in ji ta.

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka fara kwance maka bandeji a asibiti. Duk shekara ana yi wa babanmu ƙaho a tsakar gida, ni ce mai kawo toka. Tabon ƙaho ne zai ɓace mini?"

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? In tsaya a gaban ɗanka in ce ubansa ya yi ƙarya?" Ta matse tsumman. "Ƙahon bai dame ni ba, Malam. Tsoho da ciwo babu abin da ba zai yi ba. Faɗan Yaya ma na saba. Yafewar nan da ka yi mini ce ta tsaya mini a nan." Ta dafa ƙirjinta. "Kwana biyar na yi ina roƙon Allah, idan ƙafar za ta tafi ya ɗauki tawa."

Na nemi gafararta ina kuka kamar yaro. Ta ce ta yafe, duniya da lahira, ta ɗauki bahonta ta shiga ɗaki.

Na kira Kabiru na faɗa masa. Ya zo a ƙarshen mako ya durƙusa a gaban uwarsa, ya daɗe bai tashi ba. Ni kuwa har ya koma bai haɗa ido da ni ba. Na sa aka kai ni Babura na faɗa wa Yaya Dije a gaban surukanta. Ta ce, "To, ai ƙanƙarar ma ba wani taimako ta yi ba." Daga baya ta aiko wa Hajjo da turmin atamfa, iyakar ban-haƙurinta ke nan. Amma magana zarar bunu ce. Wadda ta fita ta shiga gidajen da ban san ƙofarsu ba, ƙafata kuma ba za ta kai ni ko'ina ba.

Yau shekara ɗaya da wata huɗu. Ina tafiya da sanda. A kujera nake salla, a ƙarshen sahu. Wani da aka yi mana aiki mako ɗaya da shi, na ji ya koma hawa kekensa. Ni likita ya ce mu zuba ido, wataƙila nan gaba sai an canja gwiwar gaba ɗaya. Na gode wa Allah da ya bar mini ƙafar, na gode wa likitan da ma'aikatansa, na gode wa Audu da ya fi ni tsoron Allah. Hajjo ba ta rage mini komai ba, abinci a kan lokaci, ruwan wanka da ɗuminsa. Sai dai ta daina yi mini faɗa. Takan ajiye magani a gefena ta ce, "Ga shi nan," ta wuce. Ko na sha ko ban sha ba, ba ta tambaya. Ban san faɗan nan dukiya ba ne sai da na rasa shi.

Roƙona ga duk wanda takardar nan ta isa hannunsa: idan an sa wa tsohonku ƙarfe a jiki, kada aska ta kusanci wurin, ko da shi ya roƙa, ko da ya yi gori. Idan zazzaɓi ya zo, kada ku kwana. Kai kuma ɗan'uwana dattijo, idan ka yi wautarka, faɗe ta da bakinka tun rana ba ta faɗi ba, kunyar yini ɗaya ce. Wanda kuma ya taɓa jin labarin Hajjo mai ƙanƙara, a Roni ne ko a Babura ko a nan Kazaure, na haɗa shi da Allah ya koma inda ya ji, ya ce mijinta ya ce ƙarya ne. Shi ya yi wa kansa.